Ka'ida ta Biyar

Gidan ciyarwarmu ɗaki uku ne da rumfa. Ɗaki ɗaya sito, ɗaya kicin, ɗaya na wanke-wanke. A rumfar ake zama a ci. Kullum da azahar mutum ɗari da ashirin ke zuwa, wata rana su fi: tsofaffi, 'yan dako, masu zaman jinya daga asibitin da ke bayanmu. Ba a tambayar kowa sunansa. A ba ka faranti, ka ci, ka gode wa Allah, ka tafi. Ni ne maigadi. Shekarata shida a bakin ƙofar nan, ban taɓa jin wanda cikinsa ya ɓaci ba.

Inna ce ke riƙe da kicin, da mata goma a ƙarƙashinta. Ba ta yi karatu ba, amma in ta shinshina buhu za ta faɗa maka watan da ya shigo. Shugaban ƙungiyar da ke tara kayan abincin kuwa tela ne, mutumin kirki, sai dai in ya ga takarda mai hatimi ba ya iya musu.

Ran Juma'a masinja ya kawo irin wannan takardar daga ofishin lafiya. An yi sabuwar doka: duk gidan da ke ciyar da jama'a, ko kyauta yake yi, sai an zo an duba shi an ba shi lasisi. Ran Alhamis dubagari za ta zo. In ta gamsu, mu ci gaba. In ba ta gamsu ba, a sa wa ƙofa kwado.

Shugaba yana riƙe da takardar, sai ga Ka'ida.

Ƙanin mijin Inna ne. Yana shekara bakwai aka kawo ta gidansu, ita ta yi masa wanka har ya yi wayo, shi ya sa har yau Auta take ce masa, ga shi da tumbi da furfura. Mu kuwa Ka'ida muke ce masa, don ba ya gama magana bai ce "ka'ida ce" ba. Ya taɓa aikin wata huɗu a wani babban otal. In shi ke ba da labari, ba a kai wa babban baƙo faranti sai ya sa hannu. Wanda ya san shi a can ya ce keken tawul yake turawa.

Ya zare takardar daga hannun Shugaba, ya nisanta ta da idonsa, ya yi dariya.

"Wannan ne ya tayar muku da hankali? Shugaba, je ka ci gaba da ɗinkinka. A otal ɗinmu ka'ida tamanin da huɗu muke bi kafin a soya ƙwai ɗaya. Dubagarin da ya zo duba mu ma littafi ya fitar yana rubuta abin da nake faɗa."

"Auta, ajiye musu takardarsu," in ji Inna daga ƙofar kicin.

"Yaya, a gida ne nake Auta. A nan Jami'in Tsafta ne."

"Wa ya naɗa ka?"

Ya dubi Shugaba. Shugaba ya dubi hatimin. Shi ke nan, naɗi ya tabbata.

Ka'ida ya karanta mana takardar da ƙarfi. Layi huɗu ne, kowane da lambarsa. Na ɗaya, a wanke hannu. Na biyu, a auna zafi kullum a rubuta. Na uku, wanda ya fara shiga shi zai fara fita. Na huɗu, a rufe abinci. Can ƙasa a kusurwa, da ƙananan haruffa, an rubuta: A juya.

"Kun ga sakacin ma'aikatan yanzu," ya ce. "Sun manta ba su sa wa ta biyar lamba ba."

Ya ciro biro ya rubuta biyar a gefenta. Ya aika aka sayo gam, ya shafe bayan takardar kaf, ya nufi bangon rumfa.

Na ce, "Bayanta fa?"

Ya ce, "Bayanta bango. Baba, aikinka ƙofa."

Ni ba na maimaita magana. Na koma ƙofa.

Ran Litinin ya zo da farar rigar da ya aro wurin mai aski, da usur a wuya, da littafi, da abin auna zafin jiki na gilashi da ya karɓo a kemis. Wanke hannu dai ba yadda zai yi ya ɓata shi, ko da yake ya gwada, don sai da ya sa mata suka wanke sau uku yana ƙirgawa. Daga nan ya jera su a tsakar gida.

"Ka'ida ta biyu. Kowa ta ɗaga hammata."

Mata suka dubi juna. Doguwa, wadda ke kan wuta, ta ce, "Hammatar wa? Ko mijina bai taɓa ba ni wannan umarnin ba."

"Ke za ki sa da kanki, ni karantawa kawai zan yi. Ka'ida ce."

Haka abin nan ya zagaya hammata goma sha ɗaya, yana karɓa yana ɗagawa sama yana ƙanƙance ido yana rubutawa. Doguwa ta zo ƙarshe, ta taso daga gaban murhu tana zufa. Ya duba, ya busa usur.

"Talatin da takwas! Ki tafi gida."

"Awa biyu ina gaban wuta, so kake ka same ni da sanyin randa?"

"A otal ɗinmu da tuni motar asibiti ta zo."

Doguwa ta kwance zanen aikinta ta jefa masa a kafaɗa, ta ce to shi ya hura wutar. Ya hura. Hayaƙi ya murtuke kicin, ya fito yana hawaye, girarsa ɗaya ta ƙone. Ya auna kansa, ya ga talatin da tara, ya girgiza abin ya ce gilashin ne bai huce ba. Ranar sai bayan la'asar aka ci abinci.

Ran Talata ya waiwayi masu ci. Ya yanka kwali ya rubuta lambobi, duk wanda ya shigo ya miƙa masa ɗaya. Ya ce mini kada in bar kowa ya fita sai bisa lamba. Na ce ni ba gandiroba ba ne. Ya ɗauko benci ya tare ƙofar da kansa.

Wanda ya karɓi lamba ta ɗaya shi ne Dasashi. Tsoho ne da ba ya da haƙori ko ɗaya, kuma kullum shi ke fara zuwa, don tun hantsi yake zama a inuwar ƙofa. Shinkafa ƙwaya-ƙwaya yake bi, ya murza ta da dasashi, ya huta, ya ba na kusa da shi labari, ya sake ɗaukar wata.

'Yan dako suka share farantansu cikin minti biyar suka miƙe. Usur ya tashi.

"Lamba nawa?"

"Arba'in da biyu. Malam, mota na jirana da kaya."

"Lamba ɗaya bai fita ba. Koma ka zauna."

Rumfa ta juyo gaba ɗaya tana kallon Dasashi. Shi kuwa bai taɓa samun jama'a haka ba. Ya gyara zama.

"Baba, don girman Allah ka haɗiye," in ji ɗan dakon.

"Ɗana, da me? Kai da kake da haƙori talatin da biyu ka gama. Ni aron lokaci nake."

"Kawo in taya ka."

"Taɓa farantin nan ka ga yadda marar haƙori yake cizo."

Wata mata da ta baro mijinta a gadon asibiti ta fara kuka. Wani ɗan dako ya haura katanga ya faɗa kan kajin maƙwabciyarmu, ita kuma ta leƙo ta saman katangar tana tambaya ko gidan ciyarwa ne ko gidan yari. Mai walda na tsallaken titi ya ajiye aikinsa ya zo kallo. Awa ɗaya da kwata Dasashi ya yi. Da ya gama ya nemi ruwa, ya kurkure baki, ya tsaya a ƙofa yana yi wa kowa sallama da hannu kamar mai tafiya ƙasar waje.

Da yamma Inna ta tare Ka'ida a bakin sito.

"Auta, wannan takardar taka, ka tabbata mutane take nufi?"

"Yaya, 'wanda' aka ce. Buhu ne wanda?"

"Ni dai ban san boko ba. Amma ban taɓa jin hukumar da ta ce a tsare mai jinya sai tsoho ya gama tauna ba."

"Shi ya sa ba a ba ki muƙamin ba."

Ta dube shi daga sama har ƙasa. "Na wanke maka abin da ya fi wannan bakin datti," ta ce, ta ja ƙofar sito ta kulle, ta ɗaure makullin a bakin zanenta. Sito kam bai taɓa shiga ba. Ya ce ba komai, takarda ba ta ambaci sito ba.

Ran Laraba aka zo kan rufe abinci. Inna ta nuna masa tukwane, kowace da murfinta.

"Wannan ɗora murfi ne, ba rufewa ba," ya ce. "In aka ce an rufe shago, murfi ake ɗora masa?"

Ya kira mai walda. Mai walda ya ce shekararsa talatin yana aiki, bai taɓa yi wa tukunya ƙofa ba, amma in za a bar shi ya tsaya ya ga ƙarshen abin, kyauta zai yi. Ya liƙa wa manyan tukwane biyu zobba, ta shinkafa da ta miya. Ka'ida ya zura sarƙa, ya danna kwado, ya rataya makullai a igiyar usur.

Nan ka'ida ta huɗu ta ci karo da ta biyar. Abinci a rufe, kuma a juya. Ya zauna ya yi tunani, ya fito da tsari: duk minti biyar zai busa usur, ya buɗe kwado, a juya, ya rufe.

"Miya na ji," in ji Inna. "Shinkafa ba a juya ta, Auta. In ka dame ta, kwaɓewa take."

"Takarda ta ce shinkafa ban da ita?"

"Takarda ta taɓa dafa shinkafa?"

"Hukuma ta fi ki sanin shinkafa. A juya!"

Doguwa, wadda ta dawo aiki bayan an aika an ba ta haƙuri, ta kama muciya da hannu biyu. "Juyawa kake so? Za ka ga juyawa." Ta juya har tukunyar na rawa a kan murhu. Abin da aka sauke ranar, in ka kifa faranti ba ya faɗowa. Wani ɗan dako ya tambaya ko za a ba shi ragowar ya toshe tsagar bangon ɗakinsa. Dasashi kaɗai ya cinye ya lashe yatsu, ya ɗaga hannu sama.

"Shekara goma sha biyu rabona da shinkafar da ta san halina. Allah ya ƙara wa Jami'i girma!"

Ka'ida ya kumbura. "Kun ji? Jama'a sun fara ganewa."

Inna ta je shagon Shugaba ta ce ya cire mata ƙanin mijinta daga kicin kafin gobe. Shugaba ya ce ai duk abin da yake yi a rubuce yake, ya gani da idonsa. Ta dawo ta ci gaba da aikinta. Da za ta tafi gida ta tsaya kusa da ni.

"Baba, in aka rufe gidan nan, ina mutanen nan za su ci?"

Na buɗe mata ƙofa, ta wuce.

Ran Alhamis Ka'ida ya zo da rigar an yi mata guga, ya zana girar da ta ƙone da kwalli. Tun hantsi ake juyawa. Ya ce yau minti uku-uku za a yi, don baƙuwa ta ga himma. Maƙwabta suka jeru a kan katanga. Mai walda ya zo da kujerarsa. Mai kemis ya rufe shago.

Azahar ta yi, aka raba lambobi, aka zuba wa kowa shinkafa. Aka zo ɗiban miya, Ka'ida ya laluba wuya. Usur na nan. Makullin shinkafa na nan. Na miya babu.

Ya laluba aljihu. Ya cire hula ya kakkaɓe. Ya durƙusa yana tona toka. Mutum ɗari da ashirin na zaune da farar shinkafa a gabansu, miya na tafasa a cikin sarƙa. Daidai nan dubagari ta iso.

Mace ce gajera, mai tabarau, da jaka a kafaɗa. Ba ta da yawan magana, na ji ta kwanta mini. Ta gaishe ni, ta shiga. Ka'ida ya taso da gudu, gwiwoyinsa duk toka, ya ƙame ya sara mata, ya miƙa mata kwali.

"Mene ne wannan?"

"Lambarki, ranki ya daɗe. Ɗari da ashirin da ɗaya. Ka'ida ta uku."

Ta juya kwalin ta duba bayansa. Ita tana duba bayan abu. Ta sa shi a aljihu, ta wuce kicin, Shugaba na biye da ita yana goge zufa. Ta tsaya gaban tukunyar miya ta daɗe.

"Wa ya ɗaure wannan?"

"Ni ne, ranki ya daɗe. A rufe take ruf. Ko ƙuda sai ya nemi izini."

"Buɗe."

"Wato... makullin ya ɗan fita zagaye."

Daga rumfa aka ji muryar Dasashi. "Jami'i! Yau har da ƙashi aka sa mana? Tun ɗazu nake tsotsa, ba ɓargo." Ya zaro makulli daga bakinsa ya ɗaga.

Katanga ta fashe da dariya. Mai walda ya faɗo daga kujera. Ka'ida ya ruga ya karɓo, ya goge a farar rigar, ya buɗe kwadon. Dubagari ta rubuta wani abu a littafinta. Ta ɗauki ludayi ta taɓa shinkafar. Ludayin ya tsaya a tsaye da kansa. Ta sake rubutawa.

"Kuna auna zafi?"

Nan fuskarsa ta washe. Ya buɗe littafinsa ya miƙa da hannu biyu. "Kwana huɗu cur, ba fashi."

Ta karanta a hankali. "Inna, talatin da bakwai. Doguwa, talatin da takwas." Ta ɗago. "Doguwa wane irin abinci ne?"

"Ga ni," in ji Doguwa. "Ban dahu ba tukuna, amma saura kaɗan."

"Zafin mutane ka auna?"

"A hammata, ranki ya daɗe. Goma sha ɗaya, da wannan guda ɗayan." Ya zaro gilashin daga aljihu yana nuna mata.

Ta cire tabarau ta murza ido. "Malam, zafin abinci ake nufi. Abincin da ke cikin tukunya."

"Au! To ai wannan mai sauƙi ne. A otal ɗinmu..."

Dubagari ta ce, "Kada ka..." Inna ta ce, "Auta!" Kafin su rufe baki ya tsoma shi cikin miya mai tafasa.

Ƙara ce 'yar ƙarama, tas. Ya ɗago hannu da rabin gilashi. Ɗaya rabin, da farin ruwan nan mai guba da ke cikinsa, sun nutse a miyar mutum ɗari da ashirin.

Ba wanda ya yi dariya. Dubagari ta sa aka janye itace, ta ce kowa ya fita daga kicin, a buɗe tagogi, miyar da tukunyar duka ba mai sake taɓa su, ofishinsu zai aiko a ɗauke. Ta fito rumfa, ta buɗe jaka, ta ciro kwado babba ta ajiye a kan tebur.

"Ni ma ina da nawa," ta ce.

Matar nan mai jinya ta rungume farantinta. Shugaba ya zauna a ƙasa ba tare da ya nemi kujera ba.

Ka'ida ya matso, muryarsa ta siranta. "Ranki ya daɗe, duk abin da takarda ta ce mun yi. Ga ta can a bango. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar."

"Biyar?" Ta je ta tsaya gaban takardar. Ta sa yatsa a kusurwar ƙasa. "Ka ga nan da aka ce a juya. Ka juya?"

"Mun juya! Wallahi mun juya! Tun jiya muke juyawa, tambayi Doguwa, kafaɗarta har ta kumbura!"

"Takardar, malam. Takardar za ka juya."

Mai kemis ne ya fara dariya. Ya kama cikinsa ya zame daga katanga. Daga nan rumfa ta ɗauka, 'yan dako na dukan benci, maƙwabciya na kiran 'yar'uwarta ta zo ta ji. Ka'ida ya sa farce yana ƙoƙarin ɓamɓaro takardar, gam ya riƙe, ta yage biyu, bayanta ya zauna a bango. Ya juyo ya dube ni. Na dubi ƙofa. Aikina ke nan.

Dubagari ta ciro wata takardar daga jaka, ta juya ta, ta karanta bayanin da ƙarfi. Zafin abinci ake aunawa da ma'auni na ƙarfe, kada a raba shi ya huce. Kayan da suka fara shiga sito su za a fara dafawa, kada su tsufa a ƙasa. A sa wa abinci murfi saboda ƙuda da ƙura. Ta ninke, ta ɗauki kwadonta.

Inna ta sha gabanta. Ta kwance makulli daga bakin zane.

"'Yata, kafin ki rufe, zo ki ga ɗaki ɗaya. Shi wannan bai taɓa shiga ba."

Na bi su, don ni na riƙe ƙofar. Buhuna a kan katako, ba wanda ya taɓa ƙasa ko bango. Kowane buhu da zanen gawayi: layi ɗaya, layi biyu, layi uku. Gwangwanayen kifi da na tumatir a jere, wasu an ɗaura musu jan zare. Garwar mai a rufe, an ɗora mata dutse.

"Zanen nan fa?"

"Mai layi ɗaya ya riga zuwa, shi nake fara buɗewa. In ya ƙare in matso da na bayansa."

"Jan zaren?"

"Duk wanda ya kawo gwangwani sai ya karanta mini ranar da zai lalace kafin ya tafi. Wanda ya kusa, in ɗaura masa zare, shi za a fara ci. Wanda ya kumbura kuwa rami."

Dubagari ta ɗauki gwangwani uku masu zare ta duba, ta ɗauki uku marasa zare ta duba. Ta zura hannu bayan buhuna ta fito da shi ta kalli yatsunta.

"Inna, wa ya karanta miki bayan takardar?"

"Ba kowa. Ɓera da ƙwaro suka koya mini, sun fi shekara ashirin suna ba ni darasi."

Dubagari ta yi murmushi, karo na farko. Ta koma rumfa, ta mayar da kwadon cikin jaka, ta zauna ta cike takarda ta buga hatimi. Ta ciro ma'auni na ƙarfe mai tsini ta ba Inna, ta nuna mata inda allurar za ta kai kafin a raba abinci, ta ce Shugaba ya riƙa rubutawa. Ta ce a cire sarƙoƙin nan yau, a zubar da shinkafar da makulli ya yi wanka a ciki, kuma za ta dawo bayan sati biyu ba tare da sanarwa ba.

"Sharaɗi ɗaya," ta ce, ta nuna Ka'ida da biro. "In na sake ganin wannan bawan Allah kusa da tukunya, ko ta shayi ce, kwadona na nan."

"Ranki ya daɗe, ko ta gidanmu ba zai ƙara gani ba," in ji Inna.

Aka tattara farantai. Dasashi ya kifa ƙirjinsa a kan nasa ya ce sai dai a zubar da su tare. Sai da aka yi masa alkawarin za a jiƙa masa burodi ya saki. Shugaba ya aika aka kwaso burodi, Inna ta fito da gwangwanayen kifi masu jan zare, mata suka yanka albasa. Kowa ya ci. Dubagari ta zo fita, ta ciro kwalinta ta nuna mini.

"Baba, ni ce ɗari da ashirin da ɗaya. Sai na jira tsohon can?"

Na ce, "An soke."

Washegari da hantsi ina zaune a bakin ƙofa, sai ga Ka'ida, da farar rigar da usur. Ya tsaya wurin mai walda yana ba da labari da ƙarfi don in ji.

"Dabara ce, ba kowa zai gane ba. Da ban fasa na gilashin ba, za ta ba mu na ƙarfe? Da ban ɗauke mata hankali a kicin ba, za ta ga kyan sito? A otal ɗinmu haka muke yi wa dubagari. Ni na samo lasisin nan."

Dasashi na inuwa yana gyaɗa kai. "Gaskiya ne, Jami'i. Yau ma ka sa a dama mana irin ta shekaranjiya."

Ka'ida ya gyara wuyan riga ya nufo ƙofa. Na miƙe ƙafa na tare.

"Baba, matsa. Aiki zan shiga."

Na ce, "Ka'ida ta biyar."

"Me kuma zan juya?"

"Ƙeya."

Ya leƙa ta saman kafaɗata. Inna na tsaye a ƙofar kicin da muciya a hannu, ba juya komai take yi da ita ba. Ya dubi muciyar, ya dube ni.

Ya juya. A duk ka'idojin nan, ita kaɗai na ga ya yi daidai.